Darasin gona da kiwo: gawo da tumbin saniya

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu saurare, daga nan Damagaram. Yau darasinmu a kan gawo ne, muna tare da malamin gona da malamin dabbobi. Malam, mutane kan ce gawo ba ya son ruwan sama. Da gaske ne?

Malamin gona: Ruwa yana so, sai dai ba na sama ya dogara da shi ba. Gawo yana da saiwa guda mai miƙewa ƙasa kamar tabarya, tana nutsewa mitoci da yawa har ta tadda damshin da ba ya ƙafewa. Shi ya sa yake yin abinsa a juye. Damina na sauka sai ya kakkaɓe ganye, ya tsaya tsirara. In kaka ta yi, wajen watan Oktoba, sai ya tofo, ya yi fure, ya wuce rani shar da shi. To dubi abin da manomi ya samu. Lokacin da hatsi ke neman rana, gawo ba shi da inuwa. Ganyen da ya zubar kuwa ya ruɓe daidai gindin shuka. Duk wanda ya bi gonakin Mirriya, Matamaye ko Magarya ya ga yadda gero ke fin tsayi a ƙarƙashinsa. Sarakunan Damagaram na dā ba a banza suka tsananta hukunci kan mai sare gawo ba.

Mai gabatarwa: Ganyen ne kaɗai takin?

Malamin gona: A'a. Gawo dangin wake ne da gujiya. Ka tumɓuke wake mai fure, ka duba saiwarsa, za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Ƙwayoyin bakteriya ne a ciki, suna kamo sinadarin azot daga iska, wanda kake sayowa a buhun ure. Gawo ma yana da su. Ga kuma kashin dabbobin da ke kwana a inuwarsa duk rani.

Mai gabatarwa: To Malam, nan aka zo wajenka.

Malamin dabbobi: Aka zo kuwa. Ƴaƴan gawo suna nuna ne tsakiyar rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare. Kwanson a murɗe yake, kuma ba ya fashewa da kansa ya watsar da iri kamar wake. Jira yake a ci shi. Ƙwayar da ke ciki tana da ɓawo mai tauri, ruwa ba ya ratsa shi. Ka binne ta haka nan, tana iya kwana wata da watanni ba ta motsa ba.

Saniya, tunkiya da akuya cikinsu kashi 4 ne, babban shi ne tumbi. Ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, da shi suke damƙe abinci su fizge. Su haɗiye, daga baya su maido su yi tuƙa. Kwanson ya narke ya zama ƙiba da nono. Ƙwayar da ta tsallake haƙora kuwa, zafin tumbi da ruwan ciki su lallasa ɓawonta, ta fito cikin kashi, nesa da uwarta, da takinta a jiki. Saniya ta fi fitar da iri lafiyayye, don akuya da tunkiya sun fi niƙa abinci, suna fasa da yawa.

Mai gabatarwa: Wanda ke son shukawa fa, sai ya bi garke yana tsinta?

Malamin gona: Yana iya, amma ga hanya mai sauƙi. A daka kwanso a turmi a hankali, a sheƙe. A zuba irin a ruwa, wanda ya taso sama ko mai huji a zubar, ƙwaro ya riga ya cinye cikinsa. Sai a tafasa ruwa, a sauke tukunya daga wuta, a zuba iri, a bar shi awa 24. A sauke, na ce. Wanda ya bar shi yana tafasa ya dafa wake ke nan, ba zai ga tsiro ba. In irin kaɗan ne, a ɗan kankare ɓawon da reza ta gefen da ba na cibiya ba. Wanda ya kumbura shi ake shukawa, zurfin santimita 1 zuwa 2.

Inda aka fi yin hasara ledar renon tsiro ce. Saiwar gawo tana rigan kansa girma, tsiron bai kai taƙi ba ita ta kai ƙasan leda. In ledar gajera ce sai saiwar ta naɗe, kuma itacen da saiwarsa ta naɗe ba zai kai ga ruwan ƙasa ba, ranin farko yana iya kashe shi. A nemi leda doguwa, santimita 30, a dasa kafin ya wuce wata 4, bayan ruwa ya zauna. Tazara mita 10 kowane gefe, watau itace 100 a hekta, daga baya a rage.

Ni dai na fi ba da shawarar sassabin zamani, watau renon itacen da ya tsiro da kansa. Wanda ya fito da kansa a gona saiwarsa ta riga ta yi nisa. A zaɓi reshe 1 zuwa 3 masu ƙarfi, a cire saura, a share rassan gefe har rabin tsayinsa. Da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa a yanko sama, don kada ɓawo ya tsage ruɓa ta shiga.

Malamin dabbobi: A kuma kewaye shi. Ƙayarsa bibbiyu take a gindin ganye, amma leɓen akuya yana zaro ganye tsakanin ƙaya ba ta soke shi ba, raƙumi kuwa har ƙayar yake haɗawa. Sai kansa ya wuce bakin akuya ake cire shinge. Masu datse rassa don dabbobi kuma, kada su yi lokacin fure. Furen da zuma da sauran ƙwari ke sauka kansa shi ke zama kwanso, kuma gawon da aka yi wa aski tas yakan yi shekaru bai koma haihuwa sosai ba. A ɗebi gefe guda, a bar saura.