Sifili Ne Babba: Lacca Kan Fifikon Katsewa a Ƙananan Na'urori

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku zan taɓo, in lokaci ya bari.

Na farko ba zan daɗe a kai ba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, na cikin aikinsa, sai wani abu ya taso daga waje, an danna maɓalli ko saƙo ya shigo ta UART, wata hanyar musayar bayanai, sai ya ajiye abin da yake yi ya ruga wurin ɗan kod ɗin da ke kula da abin. Wannan yanke masa aiki da aka yi shi ne katsewa, kod ɗin kuwa mai karɓar katsewa. A furosesan Cortex-M3 wannan rugawar bugun agogo 12 take ci. In ka shiga, ɗauki bayanin, ɗaga tuta, fita. Kada ka zauna ciki kana ta buga rubutu da printf. Ga wasu can suna dariya, sun san kansu.

Na biyu, nan ne inda nake so ku buɗe kunne. A NVIC, wato mai jera katsewa na Cortex-M, ƙaramar lamba ce babba. Sifili ya fi biyar daraja. Amma a ayyukan FreeRTOS, manhajar da ke raba wa ayyuka lokacin furosesa, babbar lamba ce babba. Allo ɗaya, manhaja ɗaya, lissafi biyu masu karo da juna! Ku ɗauke shi kamar sakamakon jarrabawa: katsewa matsayi ne a aji, na ɗaya shi ne gwani, ayyuka kuwa maki ne, mai yawa shi ne gwani.

To ina matsalar? FreeRTOS tana da iyaka, configMAX_SYSCALL_INTERRUPT_PRIORITY, sunan ya fi kod ɗin tsawo. A ce iyakar biyar ce. In manhajar tana taɓa jerin ayyukanta, sai ta sa BASEPRI, wata rijista a cikin furosesa, ta toshe katsewa daga 5 zuwa 15. Na 0 zuwa 4 ba ta toshe su, saboda haka ba su da izinin kiran komai nata, ko da mai FromISR a ƙarshen sunansa ne, wato wanda aka yi don kira daga cikin katsewa. Kun gane? Sauri aka ba su, aka karɓe musu baki.

Yanzu ku saurara. Duk katsewar da ba ka ba ta lamba ba, da sifili take tashi. Sifili! Ka manta layi ɗaya, ta zama sarauniya, ta faɗo wa manhaja tana tsakiyar gyara jeri. Kuma ba nan take na'urar za ta mutu ba. Za ta yi kwanaki lafiya lau a kan tebur, sai ranar da aka kai wa mai kaya.

Ba a gama ba. Rijistar da ake rubuta lambar fifiko bit 8 ce, amma na'urar STM32F4 huɗu na sama kaɗai take karantawa, matakai 16 ke nan. Ka rubuta 5 kai tsaye cikin rijista, ta faɗa bit na ƙasa, an watsar, ka koma sifili. Sai ka tura 5 ɗin zuwa bit huɗu na sama, wato ka rubuta 80. NVIC_SetPriority tana yi maka wannan turin, ita iyakar kuwa da kanka za ka tura. Ku kunna configASSERT, mai kama irin wannan kuskure, don Allah. Sifili ne babba, na faɗa ko? Na sake faɗa.

Na huɗu... na uku ne? Malama, bismillah.

Tana tambaya ko abin da ya samu kumbon Pathfinder ke nan a duniyar Mas a 1997. A'a, amma 'yan gida ɗaya ne. Can manhajar VxWorks ce, ba FreeRTOS ba, kuma tsakanin ayyuka aka yi rikicin. Ƙaramin aikin auna yanayi ya riƙe makulli, wato izinin da aiki ɗaya kaɗai ke riƙewa a lokaci guda, babban aikin kula da layin bayanai yana jiransa, matsakaitan ayyuka suka hana ƙaramin motsi, mai gadin lokaci ya ga shiru ya yi ta sake kunna kwamfutar. Daga duniyarmu aka aika gyara, aka kunna gadon fifiko: mai riƙe da makulli ya ari darajar mai jiransa har ya saki. Katsewa kuwa ba ta jira, ba a kuma ara mata daraja, shi ya sa FreeRTOS ta hana ɗaukar irin wannan makulli a cikinta. Ki ba da sigina kawai, aiki ya farka ya ɗauka.