Ɗigo dubu, doka uku

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ina tare da Malam Bashir da ƙanenmu Auwal, za mu taɓa batun zanen da ake yi da kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, wanda mai shi ba ya jan layi ko ɗaya da hannunsa. To Malam, aikin me yake yi ke nan?

Bashir: Doka yake kafawa, Malama. Ki sa ɗigo guda a allon kwamfuta, ki ba shi wurin zama da gudu. Sau 60 a daƙiƙa ɗaya, kwamfuta za ta ɗan ƙara masa gudu ta ƙasa, ta matsar da shi gwargwadon gudun. Shi ke nan ya fara faɗowa, yana ƙara sauri. In kika hana a goge allon, duk inda ya bi sai ya bar sawu. Sawun nan shi ne zanen.

Auwal: Ni wanda ya fi burge ni shi ne na tsuntsaye.

Bashir: Boids ke nan, tsarin kwamfuta mai kwaikwayon tashin garken tsuntsaye, na Craig Reynolds, Ba'amurke, a 1986. Doka uku kacal ya ba kowane tsuntsu: kada ka yi karo da na kusa da kai, ka fuskanci inda suka fuskanta, kada kuma ka yi nisa da su. Ba jagora, ba wanda ya san inda aka dosa.

Hadiza: Amma duk su juya tare?

Bashir: Wallahi tare. Kin taɓa ganin jan-baki sun taso wa gonar shinkafa, suna murɗawa a sama, su rabu biyu su sake haɗewa? Haka ɗigo dubu ke yi a allo.

Auwal: Gafarta Malam, nan nake da ja. In kwamfuta ce ke lissafin, ina gwanintar mutum?

Bashir: Tana cikin lambobin. Ɗauki gogayya, abin da ke rage wa abu gudu. In kana ninka gudun da 0.99, layuka za su fito dogaye, suna lanƙwasa a hankali. Mai da shi 0.9, sai su gajarce su dunƙule. Rage nisan da tsuntsu ke hango maƙwabcinsa, garke ɗaya ya tarwatse ƙungiya-ƙungiya. Kwamfuta ba ta san wanne ya yi kyau ba. Mutum ne zai zauna ya fitar da zane bayan zane, ya watsar da mafi yawansu.

Hadiza: Kuma fa ba yau aka fara ba. Vera Molnár, 'yar ƙasar Hangari da ta zauna a Faris, tun 1968 take zane da kwamfuta. Ta rasu a 2023 tana da shekara 99.

Auwal: Allah Sarki. To mai son farawa fa?

Bashir: Akwai manhajar Processing, da Casey Reas da Ben Fry suka fitar a 2001 domin masu zane, da kuma p5.js ta Lauren McCarthy da ke aiki a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Duka kyauta ne. Shawarata, kada a fara da tsuntsaye. A fara da ƙwallo ɗaya, ta faɗo, ta bugi ƙasa, ta yi tsalle.

Auwal: Ya ake sa ta tsallen?

Bashir: Da ta taɓa ƙasa sai ka juya gudun ya koma sama, ka ɗan rage shi. In ba ka rage ba, ba za ta taɓa tsayawa ba.

Hadiza: To Auwal, ga aikin gida ya same ka. Masu sauraro, mu kwana nan.