Sabis Ya Ɗauke, Ya Dawo: Ina Matsalar Take?

An rubuto wannan daga laccar da aka gabatar wa ɗalibai da masu gyaran kwamfuta a Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Kukan da ake kawo mana kusan iri ɗaya ne. Gida ɗaya, rauta ɗaya (na'urar da ke rarraba intanet a gida), kwamfutoci uku ko huɗu, ga wayoyin yara. Ana cikin aiki sai intanet ya yanke, can kuma ya dawo da kansa. Maigida ya yi ta zagin kamfani, ya canza layi, gobe a koma gidan jiya. Alhali hanyar nan gaɓa biyu ce: daga kwamfutarka zuwa rauta, shi ne waifai, sannan daga rauta zuwa turken sabis. In ba ka san wacce ke tsinkewa ba, ko sabuwar rauta ka saya asarar kuɗi ce.

Gwajin ba wuya. A Windows ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, guda biyu. A ɗaya ka rubuta ping -t 192.168.1.1, lambar nan adireshin rautarka ce, ping kuwa umarni ne da ke ta kiran adireshin don a ga ko yana amsawa. Na wasu 192.168.0.1 ne, na Huawei galibi 192.168.8.1, duba jikinta za ka gani. A ɗayan ka rubuta ping -t 8.8.8.8, wannan na Google ne. Ka bar su suna gudu, ka sha shayinka. Idan yankewar ta zo, ka leƙa. In na Google kaɗai ya tsaya, matsalar a waje take, ko sabis ko data. In duka biyun suka tsaya, to ɓarawon a cikin gida yake.

Bari mu tsaya a cikin gidan, don nan ne aikinku. Yawancin rautocinmu a zangon 2.4 GHz suke aiki, kuma tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Yanzu ku dubi gidajen hayar ɗalibai a nan Samaru ko Kongo, kowane ɗaki da Mifi ɗinsa, wato ƙaramar rauta ta aljihu. Kamar hayaniyar kasuwar Sabon Gari ce, kowa na magana, ba mai jin wani sosai. Shiga saitin rauta ka kafe ta a ɗaya daga cikin ukun nan, wadda maƙwabta ba su cika ba. In tana da 5 GHz, ka mai da kwamfutocin da ke kusa can, ya fi sarari, sai dai ba ya ratsa bango kamar 2.4 GHz. A cikin Birni, inda katangar ƙasa ke da kauri, kada ka ajiye rauta a zaure ka ce za ta kai ɗakin uwargida. A sa ta tsakiyar gida, a sama, ba bayan talabijin ba.

Sai wuta. Duk sanda aka ɗauke aka juya zuwa janareta, rauta mutuwa take ta sake tashi, kuma tashin kan ci minti ɗaya ko biyu. Ɗan ƙaramin batiri ko inbata ya raba wannan gardama. Zafin Maris da Afrilu ma na sa ta sume, musamman wadda aka lulluɓe da ƙyalle wai don ƙura.

In kuwa kwamfuta ɗaya ce tak ke yankewa saura lafiya, ƙyale rauta. Sau da yawa Windows ce ke kashe na'urar waifai don tattalin batiri. Shiga Device Manager, wurin saita na'urorin kwamfuta a Windows, ka cire wannan izinin. Ko kuma wani gwani ya sa mata adireshi da hannu, rauta kuma ta ba wata kwamfutar irinsa, sai su riƙa ture juna. Mai da ita ta karɓi adireshi da kanta. Haka ma wanda ya haɗa rauta biyu, kowacce na rabon adireshi: a kashe DHCP, wato tsarin rabon adireshin, a ɗaya daga cikinsu.

Na'am, Hajiya? Tana cewa nasu sai bayan isha'i yake yankewa. Hajiya, lokacin ne unguwa duka ke hawa turke ɗaya, wannan ba a hannunki yake ba. Amma ki sa a duba jerin waɗanda ke kan rautarki. Ƙananan Mifi da yawa ba sa ɗaukar fiye da na'ura goma, kuma yaran gida ba sa rowar lambar sirri. A canza ta yau, a ga mutum nawa za su zo gaisuwa gobe.