Faɗin dogo ƙafa uku: yinina da tsofaffin jiragen duwatsun Kolarado

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da hakin da kuke ji, ba gudu na yi ba. Garin nan Golden yana sama da ƙafa 5,600 daga bakin teku, ya fi Jos tudu, kuma kwanana uku ke nan a Kolarado ƙirjina bai gama sabawa da iskarsu ba. Daga Denba zuwa nan tafiyar minti ashirin da 'yan kai ce a mota. Wancan dutsen mai shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai da kuke hangowa a bayana, North Table Mountain ke nan, a gindinsa kuma gidan adana jiragen ƙasa na Kolarado yake. Fili ne mai eka 15, da kawunan jirgi da taragu sama da 100. Ƙanena ne ke riƙe da wayar da kuke kallona ta ciki, ni kuma kyamarar hoto ce a wuyana. Ɗan matsa baya kaɗan, yauwa.

Kafin mu taɓa ko da jirgi ɗaya, ku dubi ƙasa. Dogon nan nake so ku gani. Bari in sa ƙafata. Kun gani? Takalmina uku da ɗan ɗoriya, na haye daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Faɗinsa ƙafa 3 ne cif. Dogon da yawancin Amurka ke amfani da shi ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Namu na da, wanda ya iso Kano a 1911, ƙafa 3 ne da inci 6, wato ko shi ya fi wannan faɗi.

Ba rowar ƙarfe ce kawai ta sa suka matse shi ba, ko da yake akwai ta a ciki. Wani tsohon janar na yaƙin basasar Amurka, William Jackson Palmer, shi ya kafa kamfanin Denver and Rio Grande a 1870, kuma ya san inda ya dosa ba fili ba ne, duwatsu ne da kwazazzabai. Siririn dogo yana iya shan kwana mai tsanani, ya bi gefen kogi, ya manne a jikin dutse, ba sai an fasa rabin dutsen ba. Kuɗin aiki ya ragu, a isa da wuri. Isa ina? Garuruwan da azurfa da zinariya suke, Leadville, Silverton, su Telluride. A mashigar dutse ta Marshall, sama da ƙafa 10,800, dogon yana hawa ƙafa 4 a kowace ƙafa 100 ta tafiya. A ido ba komai ba ne. Ga kan jirgi mai jan taragu cike da dutse kuwa, sai an haɗa biyu ko uku suna nishi tare.

To ga ɗaya daga cikin dattawan gidan. Lamba 346. Kamfanin Baldwin na Filadelfiya ne ya ƙera shi a 1881, shekara 30 kafin jirgi ya yi usur a Kano. Ku dubi ƙafafunsa, ƙanana ne, guda takwas masu jan kaya da biyu 'yan jagora a gaba. Ƙaramar ƙafa ba ta gudu, amma tana da ƙarfin hawa, abin da dutse ke buƙata ke nan.

Nan ne ɗaukar hoton ke ba ni wahala, kuma bari in faɗa muku gaskiya, hotuna goma na farko duk na goge su. Jirgi baƙi ne wuluk, ranar Kolarado kuma mai kaifi ce kamar aska. In ka bar kyamara ta yi ra'ayinta, ko dai jirgin ya fito dunƙulen gawayi ba ka ganin ƙusa ɗaya, ko sama ta ƙone ta zama farar takarda. Sai na koma gefen da rana ke dukansa a kaikaice, na auna hasken a jikin tukunyar, na ɗan rage. Sai kawunan ƙusoshi suka fito jere, da bututun tagulla, da man da ya daskare a sandar ƙafa. Sannan na durƙusa. Yawancin masu zuwa nan a tsaye suke ɗauka, daga tsayin ido, su wuce, hoton ya fito kamar na motar da aka ajiye a kasuwa. Ni kuwa ina so dogon ya shigo cikin hoton, ya taso daga ƙasan firam ya shige ƙarƙashin jirgin, domin in babu shi ba za ka san wane irin jirgi kake kallo ba. Wandona ya sha tsakuwa da baƙin mai, ƙanena yana ta dariya. Yi dariyarka, kai za ka wanke.

Ku zo ku ga wanda ya ruɗe ni. Na ɗauke shi sau uku ina gyara riƙon kyamara, ina cewa hannuna ne ya karkace. Ashe jirgin ne a karkace. Gabansa ya sunkuya kamar raƙumi zai durƙusa. Na dutsen Pikes Peak ne, mai tsayin ƙafa 14,115, wanda jirgin farko ya kai ƙololuwarsa a 1891. Hawan ya yi tsananin da ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe sai dai santsi, shi ya sa aka sa layin haƙora a tsakiya, jirgin yana cizo yana hawa. Tukunyar kuma aka karkata ta tun daga masana'anta, don in yana kan hawa ruwan cikinta ya zauna daidai. A nan ƙasa ne yake kama da mai ciwon baya. Wanda ya zuba kuɗin aikin, Zalmon Simmons, da sana'ar katifa ya yi arziki. An ce hawan dutsen a kan alfadari ne ya jigata shi har ya ce a yi jirgi. Mai katifa dai ba ya son wahalar jiki.

Wancan ƙaton, lamba 5629 na kamfanin Burlington, na 1940 ne, jirgin fili ne. Na ɗauke shi sau ɗaya don girmansa, mu wuce.

Abin da ya kawo ni shi ne wannan. Ku kalle ta da kyau. Gabanta mota, bayanta tarago, an shafe ta da fenti ruwan azurfa. Sunanta Galloping Goose, wato dinya mai sukuwa. Wasu sun ce don rangajin da take yi a kan lalataccen dogo aka sa mata sunan, wasu sun ce don kukan hon ɗinta. Labarinta labarin talauci ne. Wani ɗan kasuwa, Otto Mears, ya shimfiɗa dogon Rio Grande Southern, mil 162 daga garin Ridgway zuwa Durango, ya gama a 1891. Shekara biyu kacal, a 1893, farashin azurfa ya faɗi warwas, ramukan haƙa suka rufe, kamfanin bai ƙara miƙewa sosai ba. Da matsin tattalin arzikin shekarun 1930 ya zo, ba su iya biyan kwal da ma'aikatan jirgin tururi don ɗaukar buhunan wasiƙu da fasinja biyar. Sai makanikansu na Ridgway suka ɗauko tsofaffin motoci, Buick da Pierce-Arrow, suka sa musu ƙafafun jirgi. Mutum ɗaya ya isa ya tuƙa. Sun haɗa guda bakwai tsakanin 1931 da 1936, uku suna nan gidan, lamba 2 da 6 da 7. Duk wanda ya taɓa zama a garejin makanikan Kano ko Kaduna, ya ga yadda ake ta da motar da mai ita ya yanke ƙauna, zai gane hannun da ya yi wannan aiki. Dabarar ta riƙe dogon shekara 20. Da gwamnati ta janye kwangilar wasiƙu a 1950, ba a daɗe ba komai ya tsaya, kuma da irin waɗannan dinyoyin aka bi ana kwashe ƙarafan dogon nasu.

Ina tsaye a nan sai kakana ya faɗo mini, Allah ya jiƙansa. Yakan ba mu labarin ɗan ƙaramin jirgin da ke tashi daga Zariya ya hau tudun Jos har Bukuru, wai a wajen hawa mutum zai iya sauka ya bi shi da ƙafa. Muna yara muna ɗauka ƙari ne irin na tsofaffi. Jirgin gaske ne. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6, ya fi wannan ma matsewa, an gama shi a 1914 don kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Dalili ɗaya ne da na nan: ma'adini a kan tudu, Turawa na sauri, a yi dogo mai araha.

Na nan ɗin ma 'yan gwangwan ne suka kusa cinye su. Wani mutum, Robert Richardson, ya riƙa sayen abin da ya iya kafin a yanka, yana jerawa a harabar masaukin baƙinsa a garin Alamosa. Daga baya shi da Cornelius Hauck suka kwaso su zuwa nan, aka buɗe a 1959. A lokacin, abin da yake tarawa shara ce a idon mutane.

Rana ta fara faɗawa bayan duwatsu, kuma wannan ne hasken da nake jira tun azahar, ga jikin dinyar ya koma ruwan zuma. Batirina saura layi ɗaya, sanyin yamma yana shanye shi. Kai, zo ka tsaya a tsakiyar dogon, ƙafa ɗaya kan wannan ƙarfe, ɗaya kan wancan, in ɗauka don Hajiya ta ga faɗinsa da idonta. A'a, ba ni wayar tukuna. Kada ka motsa.