Ranar Farko ta Ƙaramin Yaro a Gidan Rawar Bale

Assalamu alaikum, masu kallo. A duk watan Disamba, idan sanyi ya kankama kuma makarantu suka ba da hutun ƙarshen shekara a Turai da Amurka, gidajen wasa kan cika da iyaye riƙe da hannun 'ya'yansu, kuma da yawansu wasa guda ne ya fito da su, wato rawar bale mai suna Nutcracker. Duk wanda ke zaune a Landan ko Niyok yakan ga tallarsa a tashoshin jirgin ƙasa da jikin motocin bas, har wata rana uwa ko uba su fara tunanin ko ɗansu mai shekara 2 ko 3 ya isa a kai shi. Amsar ta dogara ne ga irin wasan da aka zaɓa, da wurin da aka zauna, da kuma ko iyayen sun yarda tun daga gida cewa za su iya tashi kafin a gama.

Bale rawa ce da ake ba da labari da motsin jiki da kiɗa, ba tare da wani ya furta ko kalma ɗaya ba. Ta samo asali a fadojin Italiya a ƙarni na 15, ta bunƙasa a Faransa inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. Shi kuwa Nutcracker an fara nuna shi ne a watan Disamba na 1892 a gidan wasa na Mariinsky da ke birnin Sent Pitasbag na Rasha, da kiɗan da Caikofski, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ya tsara, kuma masu sharhi na wancan zamanin ba su yi na'am da shi sosai ba. Ɗaya daga cikin ƙorafinsu shi ne yara sun yi yawa a kan dandamali. Abin da aka kushe a lokacin shi ne ya ɗaukaka wasan daga baya. Kamfanin bale na San Faransisko ya nuna shi cikakke a Amurka a 1944, sannan mai tsara raye-raye George Balanchine ya shirya nasa a Niyok a 1954, inda har yau yara fiye da 100 daga makarantar rawa ke fitowa a ciki a kowace kaka. An sha ƙiyasta cewa manyan kamfanonin bale na Amurka na samun kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin tikitinsu na shekara daga wannan wasa kaɗai, shi ya sa ake tallarsa da sunan wasan iyali.

Sai dai kalmar iyali a nan tana da iyaka, kuma yana da kyau a duba ta kafin a biya kuɗi. Gidan wasa na Royal Opera House da ke Landan ba ya barin yaron da bai kai shekara 5 ba ya shiga babban zaurensa, kuma manyan gidaje da dama na ba da shawarar irin wannan shekarun ko da ba su hana ba. A mafi yawansu ko goyo za a yi wa yaro sai an saya masa tikitinsa. Dalili kuwa a bayyane yake, domin cikakken wasan yana ɗaukar kimanin awa 2 idan aka haɗa da hutun rabin lokaci, kuma ana buƙatar shiru daga farko har ƙarshe a cikin zaure mai duhu.

Abin da ya fi dacewa da ɗan shekara 3 shi ne taƙaitaccen wasa da aka shirya musamman domin ƙanana. Kamfanin English National Ballet, alal misali, yana da jerin wasanni mai suna My First Ballet da ya ware wa yara daga shekara 3, inda ake gajarta labarin kuma a sa mai ba da labari ya riƙa bayyana abin da ke faruwa. Akwai kuma ranakun da wasu gidaje ke sassauta dokokinsu, a bar fitilu a kunne kaɗan, a rage ƙarar sauti, a kuma yarda yaro ya yi magana ko ya fita ya dawo. Wasan da makarantar rawa ta unguwa ke shiryawa ma ba abin rainawa ba ne. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, rabin 'yan kallo iyayen masu rawar ne da ƙannensu, kuma ba wanda zai waiwayo ya harare ka don ɗanka ya ɗaga murya ya ce ga ɓera.

Maganar ɓera kuwa ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta, domin a nan ne yawancin kuka ke ɓarkewa. Labarin yana farawa ne da walimar Kirsimeti a wani gida, inda wani dattijo mai ƙera agogo da kayan wasa ya ba wata yarinya, wadda wasu ke kira Clara wasu kuma Marie, ɗan tsana na katako mai siffar soja, irin wanda ake fasa 'ya'yan itace masu taurin ɓawo da bakinsa, wanda shi ne ake kira Nutcracker. Ɗan'uwanta ya karya shi, baƙi suka watse, gida ya yi tsit. Wannan ɓangaren yara kan so shi, saboda suna ganin tsaransu na guje-guje da faɗa a kan abin wasa, abin da su ma suka saba yi a gida. Amma da agogo ya buga sha biyun dare sai haske ya dusashe, manyan ɓeraye masu girman mutum su fito daga kowace kusurwa, bishiyar Kirsimeti ta fara girma a gaban idon jama'a, wadda a wasan Niyok take tashi daga ƙafa 12 zuwa ƙafa 41. Daga nan a ji ƙarar bindiga, yaƙi ya kaure tsakanin sojojin katako da rundunar Sarkin Ɓeraye, wanda a wasu shirye-shiryen kawuna 7 gare shi. Babba ya san cewa mutum ne a cikin rigar ɓera, amma ɗan shekara 2 bai gama raba wasa da gaskiya ba, kuma ba shi da tabbacin cewa abin zai tsaya a kan dandamali.

Saboda haka shiri na gaske a gida ake yinsa, kwanaki kafin ranar. A ba yaro labarin da baki sau da yawa har ya haddace, a faɗa masa cewa za a kashe fitila, za a ji ƙara mai ƙarfi, ɓeraye za su zo amma yarinyar za ta jefi sarkinsu da takalminta a ci su da yaƙi. A riƙa sa masa kiɗan a mota ko lokacin wanka, domin kunnen da ya saba da sauti ba ya firgita da shi. Yaron da ya san cewa takalmi na tafe yakan zauna yana jiran jifar ne maimakon ya ɓuya a jikin mahaifiyarsa.

Game da wurin zama, kujerar bakin hanya kusa da ƙofa ta fi kujerar tsakiya mai tsada amfani, domin fita daga tsakiyar layi da yaro mai kuka yana nufin tayar da mutum goma cikin duhu. A tambayi ma'aikata matashin da ake ɗora wa yara don su ga dandamali, wanda kuma ke taimakawa wajen danne kujerar mai naɗewa da nauyin ƙaramin yaro ba ya iya riƙewa. A lura da lokaci, tunda wasan rana yakan faɗo daidai da lokacin barcin yaro. A ciyar da shi, a kai shi bayan gida ko a canza masa kunzugu, a kuma iso da wuri, saboda wanda ya makara akan tsayar da shi a waje har sai an sami sarari. Isowa da wuri na da wata riba, wato a leƙa da yaro ramin da makaɗa ke zama a gaban dandamali, ya ga goge iri-iri da ganguna da sarewa, ya ji lokacin da ake daidaita su.

Kashi na farko yana ƙarewa ne da rawar dusar ƙanƙara, inda ƙananan takardu farare ke zubowa daga sama yayin da muryoyi ke rera sauti marar kalmomi, sannan labule ya rufe bayan kimanin minti 50. A ganina, a nan ne ya kamata iyaye su dubi fuskar ɗansu su yanke shawara, domin labarin ya kusan ƙarewa. Kashi na biyu jerin raye-raye ne a Ƙasar Alewa, na cakulan da gahawa da shayi da furanni, masu kyau ƙwarai amma ba su da faɗa ko tsere da zai riƙe hankalin ƙaramin yaro. Idan ya fara murza ido ko zamewa daga kujera, a ɗauki rigunan sanyi a tafi gida. Idan kuwa ya dage sai an koma, to kusa da ƙarshe zai ji wani sauti kamar na ƙananan ƙararrawa a rawar Aljanar Alewa. Wannan kayan kiɗa sunansa celesta, an ƙirƙiro shi a Faris a 1886, kuma Caikofski ya sa aka kawo masa shi Rasha a asirce don kada wasu mawaƙan ƙasar su riga shi amfani da shi. Sautin yana da taushi ƙwarai, don haka a raɗa wa yaro tun kafin ya fara cewa ya kasa kunne.