Talotalon Daji a Gaban Maharbi: Lacca kan Halayensa Masu Ban Mamaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamai, ɗalibai, da dattawan maharba da nake hange a sahun gaba, barkanku da yamma. An nemi in yi magana a kan talotalon daji na ƙasar Amurka da irin abubuwan da maharba ke gani daga gare shi har su rasa yadda za su fassara, kuma na shirya in kawo muku abubuwa huɗu, in lokaci ya bari.

Kafin nan, ya kamata mu cire wani hoto daga zukatanmu. Talotalon da muka sani a gidajenmu, mai nauyin jiki, wanda ko katanga ba ya iya hawa, jikan wanda mutanen Meziko suka fara kiwo ne tun kafin Turawa su isa can, sannan 'yan Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Ɗan'uwansa da ya zauna a daji wata halitta ce daban. Namijinsa yakan kai kilo goma, amma yana tashi sama da gudun da ya haura kilomita 80 a awa idan tafiyar gajera ce, kullum a kan bishiya yake kwana, kuma idanunsa da ke gefe da gefen kai suna kama motsin yatsa daga nesa. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa game da tsuntsu ne mai tsananin tsoro da wayo.

Abu na farko shi ne kukansa. Daga watan Maris zuwa Mayu, idan sanyi ya wuce, namiji yakan fara kuka tun yana kan reshe kafin gari ya waye, kuma a safiya mai tsit ana jin sa daga nisan da ya fi kilomita ɗaya. Abin mamakin shi ne ba kukan mace kaɗai yake amsawa ba. In mujiya ta yi kuka zai amsa, in hankaka ya yi zai amsa, in aka yi tsawa zai amsa, kai har ƙofar mota in aka rufe ta da ƙarfi sai ka ji ya ɓarke da kuka. Maharba sun mayar da wannan dabara: sai su kwaikwayi mujiya da asuba, shi kuma ya tona wa kansa asiri.

Na biyu, wanda ya fi ɓata wa maharba rai. Maharbi yana da ɗan akwatin katako ko wani ɗan faifai da yake sa wa a ganɗa yana fitar da kukan mace. Namiji zai amsa, ya taho, ya taho, sai ya tsaya cik a wajen mita saba'in, alhali bindigar da ake harbinsa da ita ba ta da tabbas bayan mita arba'in. Nan zai baje wutsiya, ya ja fikafikai a ƙasa, ya yi ta kai da komo har awa guda, sannan ya juya ya tafi. Maharbi ya ce ya gane ni. Sau da yawa bai gane shi ba. A tsarin rayuwarsu mace ce ke zuwa wurin namiji, shi aikinsa ya tsaya a fili ya nuna kansa. Maharbi ne ke neman a juya al'ada, shi kuwa tsuntsun ya zo inda ya kamata a gan shi, ya jira, ba ta zo ba.

To, yanzu mu zo kan abin da ya sa na karɓi wannan gayyata. Ina roƙon shugaba ya yi mini haƙuri in na daɗe a nan.

Na taɓa bin wani maharbi a kudancin ƙasar Amurka, ni ba da bindiga ba, da madubin hangen nesa. Muka zauna jingine da bishiya tun duhu. Da rana ta fara fitowa, sai ga maza biyu sun fito bakin wata gona kafaɗa da kafaɗa. Da suka matso, na ga fatar kan na gaba tana sauya launi a kan idona, daga ja zuwa shuɗi, tsakar kan kuma ta yi fari fat, tsokar nan da ke lilo a kan bakinsa ta zazzago har ta wuce baki. Akwai wani sauti da yake yi idan ya kumbura, wani gurnani mai zurfi da sai kana kusa za ka ji shi, kuma kamar a ƙirjinka kake jin sa. Maharbin ya harbi na gaban, ya faɗi yana fuffuka. Abin da hankali zai ba ka shi ne na biyun ya tashi sama ya ɓace. Ya yi tsalle gefe, ya tsaya, ya dubi na ƙasa, sai ya dawo da gudu ya haye kansa. Yana saran kansa da baki, yana dukansa da fikafikai, yana kafta masa tsinin nan mai kaifi da ke bayan ƙafa. Ƙarar bindiga ba ta gama barin kunnena ba, ga mutane biyu a zaune kusa, amma bai kula ba, sai da maharbin ya miƙe tsaye sannan ya ruga.

Wannan ba baƙon abu ba ne, maharba da yawa sun gani, kuma kowa da fassararsa. Wasu su ce yana ƙoƙarin tayar da ɗan'uwansa ne, wasu su ce haukacewa ya yi. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Rayuwar namijin talotalo gaba ɗaya a kan matsayi take. Tun daga kakar shekarar da aka ƙyanƙyashe su, samarin kan yi ta faɗa, suna sarƙe wuya da wuya suna turereniya, har kowa ya san wanda ke samansa da wanda ke ƙasansa. Wannan jerin ba ya zama daram, kullum na ƙasa yana lura da na sama, yana jiran ranar da zai ga rauni. To ga shi yau wanda ya danne shi tsawon rayuwarsa yana birgima a ƙasa. Bai san mutuwa ba, bai san harsashi ba, abin da ya sani shi ne babba ya faɗi, kuma in bai hau yanzu ba wani zai hau. A wannan ɗan lokaci neman matsayi ya rinjayi tsoro, a tsuntsun da na ce muku motsin yatsa yana korarsa.

Amma tambayar da ta fi wannan ita ce, me ya haɗa su tafiya tare tun farko? Me zai sa namiji ya bi wani namiji zuwa wurin mata, ya taya shi baje wutsiya, ya taya shi korar abokan hamayya, sannan ya koma gefe ya tsaya? Wasu masana biyu, Watts da Stokes, sun lura da wannan a jihar Texas, suka wallafa a 1971, suka ce a ganinsu 'yan'uwan juna ne. A lokacin babu hanyar tabbatarwa. Sai a 2005 wani mai bincike, Alan Krakauer, ya fitar da sakamakon aikinsa a mujallar Nature, bayan ya bi talotalon wani gandun bincike mai suna Hastings a jihar Kalifoniya yana gwada ƙwayoyin gadonsu. Ya samu cewa lallai masu tafiya tare dangi ne na kusa, cewa na ƙasan ba ya samun 'ya'ya ko ɗaya muddin yana cikin wannan haɗaka, kuma na saman yana haifar 'ya'yan da suka ninka na namijin da ke yawo shi kaɗai sau da yawa. Ku yi lissafin da kanku, ɗalibai. In ya ware, da wuya ya samu ko ɗa ɗaya. In ya tsaya ya taimaki ɗan'uwansa, 'ya'yan ɗan'uwan suna ɗauke da wani kaso na jininsa, kuma suna da yawa. Wannan shi ne abin da masanin halittu William Hamilton ya bayyana da lissafi tun 1964, talotalo kuwa ya zama ɗaya daga cikin misalansa mafi bayyana a cikin tsuntsaye.

Saboda haka mai yiwuwa ne wanda na gani yana sarar gawa ɗan'uwan mamacin ne, wanda suka fito daga sheƙa ɗaya, wanda ya yi wa hidima har zuwa wannan safiya. Na ga wata baiwar Allah a baya tana girgiza kai. Hajiya, na fahimce ki, ni ma abin ya tsaya mini a rai. Sai dai bai dace mu auna shi da ma'aunin ɗan Adam mu kira shi maci amana ba. Taimakon da faɗan duk daga tushe ɗaya suka fito, kuma maharbi ne ya kawo yanayin da daji bai saba kawowa ba, wato babba lafiyayye ya faɗi farat ɗaya ba tare da an yi faɗa ba.

Da zarar ka gane wannan, sauran abubuwan sai su warware da kansu. Me ya sa yake afka wa talotalon roba da maharbi ya kafa, musamman in an yi shi da siffar saurayi yana tsaye kusa da mace? Matsayi. Me ya sa a unguwannin da ke kewayen Boston yake sarar ƙofar mota mai sheƙi har ya ji wa kansa ciwo? Hoton kansa ya gani, a ganinsa namiji ne da ya ƙi sunkuyawa. Me ya sa samari 'yan shekara ɗaya kan haɗa kai su kori babban namiji daga fili? Matsayi ne dai. Har ma akwai wata dabara da ta yaɗu, maharbi ya riƙe busasshiyar wutsiyar talotalo a gaban fuskarsa ya yi rarrafe zuwa wurin namiji, shi kuma ya taho a guje don ya yi faɗa. Dattawanmu da ke gaba sun san irin wannan, domin da kan burtu suke yi. Bambancin shi ne burtu yana kwantar wa dabba hankali ne, wutsiyar kuwa tsokana ce. Wasu jihohin sun hana wannan dabara, kuma ina goyon bayansu, domin wanda ya ɓuya bayan wutsiya a dajin da wasu ke neman wutsiya da bindiga ya sa ransa a hatsari.

Na uku, ko na huɗu ne, shugaba yana nuna mini agogo. A taƙaice, gemun nan da ke fitowa a ƙirjin namiji, kusan mace ɗaya cikin goma ita ma tana da shi, don haka dokokin jihohi da yawa suka ce a harbi mai gemu, ba su ce namiji ba. Sannan akwai hoton bidiyon da ya zagaya duniya a watan Maris na 2017 daga garin Randolph a jihar Massachusetts, inda garken talotalo ke zagaya mushen kyanwa a kan titi, ɗaya na bin ɗaya. Mutane suka ce tsafi ne. Masana suka ce suna duba abin da suke tsoro ne daga nesa, kowanne kuma yana bin wutsiyar na gabansa, har layin ya haɗe ya zama da'ira.

(Wani dattijo daga sahun gaba ya nemi izini.) Malam, ni tambayata ita ce, tunda akwai na gida, in na daji ya ƙare ba sai a yi kiwo a saki ba?

Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda ya kamata in fara. An gwada, kuma bai yi ba. Zuwa farkon ƙarni na 20 saran daji da harbi ba ƙa'ida sun shafe talotalo daga jihohi da dama. A Massachusetts ɗin nan an ga na ƙarshe tun 1851. A 1937 aka yi dokar da ta ware harajin bindigogi da harsasai don farfaɗo da namun daji, hukumomi suka samu kuɗi, suka ƙyanƙyashe talotalo dubbai a keji suka saki. Kusan duk suka mutu. Ko da ƙwan na daji ne, ɗan da bai bi uwa a daji ba bai san kukan gargaɗi ba, bai san inda ake kwana ba, bai san wanda zai guje wa ba. Uwa tana kwanci kwana 28 a kan ƙwai goma zuwa sha biyu, 'ya'yan su bar sheƙa cikin kwana ɗaya, daga nan kuma watanni suke yi suna koyo a bayanta. Wannan keji ba ya bayarwa.

Abin da ya yi aiki shi ne kama na daji da ransa a kai shi wani dajin. A 1951, a dajin Francis Marion da ke Karolina ta Kudu, aka yi nasarar kama su da raga wadda ake harbawa da albarushi ta rufe garke yana cin tsaba. Massachusetts ta karɓo guda 37 kacal daga jihar New York a 1972 da 1973, yau tana da wajen dubu 30. A ƙasar baki ɗaya sun kai miliyoyi, ana samunsu a kowace jiha ban da Alaska, ko da yake a 'yan shekarun nan adadin yana raguwa a wasu jihohin kudu, ana kuma binciken dalili. Don haka, Baba, amsar ita ce a'a, sai an bar ragowar na daji da dajin da za su zauna, sannan ake da abin da za a ɗiba a kai wani wuri. Shugaba, na ga akwai wani hannu a can baya, amma an kira salla, sai mu ɗauke shi bayan mun idar.