Garin ma'adinai da doka ta bar wa cacar kwabo biyu

Jama'a masu sauraro, yau sharhinmu zai leƙa Broken Hill, wani gari a tsakiyar ƙungurmin dajin Ostiraliya, kimanin kilomita 1,100 yamma da Sidni. A 1883 Charles Rasp ya gano dutsen azurfa da dalma da tutiya a wurin, daga nan kamfanin haƙar ma'adinai na BHP ya samo asali. Mahaƙa suka yi ta kwarara, suka zo da cacar da suke kira Two-up.

Kayan wasan ba su da yawa: tsofaffin kwabbai biyu na kafin canjin kuɗin 1966, da ɗan fallen katako mai suna kip, wanda ake ɗora kwabban a kai a cilla. Jama'a su yi da'ira, mai jifa ya shiga tsakiya ya cilla kwabban sama. In duka biyu suka nuna fuskar da ke da kan sarki, ya ci. In duka suka nuna baya, kuɗinsa ya tafi. In suka saɓa, a sake jifa, kuma rabin jifa a haka yake ƙarewa. Shi ya sa wasu ke sa kwabo uku, don kowane jifa ya yanke hukunci.

Inda rigima take tashi shi ne jifan kansa. Dole kwabban su haura kan mai jifa, su yi ta juyi a iska, su sauka cikin da'ira. Kwabon da ya tashi shimfiɗe bai juya ba, alƙalin fili zai soke jifan nan take, domin ta nan maguɗi ke shigowa. Har alamar gicciye ake zanawa a bayan kwabo, don na ƙarshen layi ya gani da idonsa.

Shekara da shekaru a ɓoye ake bugawa, da ɗan tsaro a bakin lungu, wanda suke kira da sunan wani akun ƙasar, yana hangen 'yan sanda. A sauran jihar New South Wales, wadda garin ke cikinta, ranakun tunawa da sojoji kaɗai doka ta yarda, musamman ranar Anzac, 25 ga Afrilu. Amma a 1992 aka ba Broken Hill izini na duk shekara, bisa hujjar cewa wasan ya shiga jinin garin.

Mu dai a ganinmu, wannan izini bai sauya lissafin ba. Kwabo bai san abin da ya faɗo a jifan baya ba, kuma mahaƙin da ya fito daga rami da albashinsa yana iya barin sa a da'irar kafin ya kai gida. Yanzu a otal ɗin Palace ake bugawa, daren Juma'a.